Yadda Za Ka Ɗaura Wa Motarka Fitilar Ƙarƙashi da Hannunka

Fitilar nan mai launi da ke zubo haske a kan kwalta daga ƙarƙashin mota, aiki ne da za ka iya gamawa a yini guda in dai ka iya riƙe sifana kuma kana bambance jan waya da baƙa. Manna fitilar ba ta da wuya. Inda mutane ke kwafsawa shi ne wajen jan waya, don haka a nan za mu fi daɗewa.

Ka fara da zaɓen kaya. Fitilar iri biyu ce, neon da LED. Neon na asali bututun gilashi ne mai iskar gas a ciki, irin wanda Georges Claude ya fara nunawa a birnin Paris a 1910. Ba ya kamawa sai da dubban volt, shi ya sa yake zuwa da ɗan taransifoma. Haskensa na da laushi da kyau, ba musu, amma gilashi ne, kuma ƙarƙashin mota wurin tsakuwa ne da ramuka da tudun rage gudu. Ni dai ba zan ba ka shawararsa ba. Nemi na LED mai aiki da volt 12 kai tsaye daga batir. Yawanci saiti ɗaya sanda huɗu ne: dogaye biyu na gefe, wajen santimita 120, da gajeru biyu na gaba da baya, sai ɗan akwatin sarrafawa da rimot, ko manhajar waya ta Bluetooth. Duba kwalin ka ga IP67 ko IP68, alamar ba ya shan ruwa da ƙura. In ka ga IP20, na adon ɗaki ne, damina ɗaya ba zai gani ba. Wanda aka zuba cikin sandar alminiyam ya fi mai lanƙwasa ƙarko.

Sauran kayan: sifana mai lamba 10 wadda ita ce ta kan batir a yawancin motoci, sukundireba, filaya, mita ta gwada wuta, gidan fis da fis ɗinsa, makunni, waya mai kaurin milimita 1.5, robobin ɗaure waya masu yawa, bututun roba mai rufe waya, da sifirit na goge wuri.

Kafin ka kwanta ƙarƙashin mota, shimfiɗa sandunan a ƙasa, haɗa su da akwatin, taɓa jan waya a fositif na batir, baƙa a nagetif. Ka tabbatar duk huɗun sun kama, kowane launi ya fito. Gara ka gano matacciya yanzu ka mayar wa mai shago.

Sai ɗaga mota. Mafi sauƙi ka roƙi rami a gareji ko wurin wankin mota. In a gida ne, jak kaɗai ba abin dogaro ba ne. Sa ƙafafun ƙarfe na tokare mota, ja birkin hannu, dafe taya da dutse, a kan daɓen siminti ba rairayi ba. Kuma bar injin ya huce sosai, salansa na daɗewa da zafi. A wanke ƙarƙashin, a bar shi ya bushe.

Yanzu ka duba inda kowace sanda za ta zauna. Kyawun abin shi ne a ga haske ba a ga fitila ba, saboda haka tura ta ciki kaɗan daga bakin bodi, kamar faɗin yatsu huɗu, fuskarta na kallon ƙasa. Kada ta zama ita ce abu mafi kusa da ƙasa a jikin motar, in ba haka ba tudun farko zai kwashe ta. Bar wuraren da ake kafa jak a sarari, don ranar da taya ta yi faci mai gyara ba zai duba ba, murƙushe ta zai yi. Ta baya kuma ta nisanci bakin salansa da aƙalla taki guda. Riƙe kowacce da salatif na ɗan lokaci, ka gwada ko wayarta za ta kai akwatin kafin ka ɗaure.

Gam ɗin da ke bayan sandar taimako ne kawai. Goge wurin da sifirit, manna, danna da ƙarfi na kamar rabin minti, sannan ka ƙara da maƙalan da suka zo a kwalin ko robobin ɗaurewa, kowane taki ɗaya da rabi. Zafin watan Afrilu da ruwan Agusta ba sa barin gam shi kaɗai. In za ka huda don ɗaura noti, leƙa bayan ƙarfen tukuna: tankin mai, bututun mai da bututun birki duk a nan suke bi. Huji a robar bamba ba matsala. Huji a ƙarfe kuwa, shafa masa fenti ko giris don tsatsa.

To, ga wayarin. Cire kan batir na nagetif kafin komai. Dalili shi ne duk bodin mota nagetif ne. In yana haɗe, sifanarka ta taɓa fositif da ƙarfen mota lokaci guda, tartsatsin da zai tashi ya isa ya ƙona maka hannu. Wasu motocin rediyonsu na neman lambar sirri bayan an cire batir, ka nemo ta tun da wuri.

Bi da wayoyin ta hanyar da wayoyin kamfani suka bi, cikin bututun roba, a ɗaure tamau ba mai lilo. Kada ka ɗaura a jikin bututun birki ko na mai, kada ka kusanci salansa, fanka, bel, ko duk abin da ke motsi tare da taya. Inda waya za ta ratsa bakin ƙarfe mai kaifi, sa mata roba, domin girgizar mota a hankali take cinye rigar waya. Wayoyi masu soket ruwan ɗorawa na jakar iska ne, manyan wayoyi ruwan lemo a motoci irin su Prius kuma na babbar wuta ne. Dukansu ba ruwanka da su. Akwatin sarrafawa a sama masa wuri mai tsayi a cikin bonet kusa da batir, nesa da zafin injin, bakin soket ɗinsa na kallon ƙasa don ruwa ya zube.

Fis ba a wasa da shi. Lissafinsa: raba watt da volt. In kwalin ya ce watt 36, ka raba da 12, amfiya 3 ke nan, sai ka sa fis mai amfiya 5. Wurin zamansa dab da kan batir, ƙasa da taki guda. Mutane kan ɗauka fitilar yake karewa, alhali wayar yake karewa: duk tsawon da ke tsakanin batir da fis tsirara yake, in ya goge ya taɓa bodi zai yi ja ya kama wuta. Al'adar nan ta naɗa zaren waya a gidan fis da ya ƙone, a bar ta.

Hanya biyu ce ta ɗauko wuta. Ta farko, daga batir kai tsaye, ta fis, zuwa makunni a kusa da sitiyari, sannan akwatin. Amfaninta za ka kunna ko mota a kashe take. Makunnin dole ne ko da akwai rimot, saboda akwatin yana shan 'yar wuta yana jiran umarni, motar da ta yi kwanaki a ajiye sai ka tarar batir ya yi sanyi. Ta biyu, wadda na fi so, ka ɗauko daga akwatin fis na mota, a layin da ba ya kawo wuta sai an murɗa makulli, kamar na rediyo ko na soket ɗin cajin waya. Akwai ɗan fis mai reshe da ake sayarwa don haka, mita kuma za ta nuna maka layin. Kada ka taɓa layin birkin ABS, jakar iska ko kwamfutar injin. In fitilun na da yawa, sa rile, wato ɗan makunnin lantarki mai ɗaukar wuta mai yawa, mai ƙafa huɗu kowacce da lambarta: 30 zuwa batir ta fis, 87 zuwa fitila, 86 zuwa makunni, 85 zuwa bodi. Wayar da za ta shiga cikin mota ta bi ta robar da ke bangon da ya raba injin da mazaunin direba.

Baƙar waya a ɗaure ta da zobe a ƙarƙashin notin da ke jikin bodi, bayan ka kankare fenti har ƙarfe ya yi fari. Rabin fitilun da ke ƙyaftawa, nan ne ciwonsu. Duk mahaɗa a yi mata dalma ko a matse ta da maƙali, a rufe da robar da ke tsukewa in ta ji zafi. Murɗa waya biyu a naɗe da salatif ba ya kai ko'ina a ƙarƙashin mota.

Mayar da nagetif, kunna. In shiru, duba fis, sannan ka duba ko ka juya ja da baƙa, don LED ba ta kamawa a juye. In launi ɗaya ya ɓace a sanda guda, soket ɗinta ne bai zauna ba. Daidaita kibiyoyin da ke jikinsa. Juya sitiyari har ƙarshe dama da hagu, wani ya leƙa ya ga ko taya na shafar waya. Yanke wutsiyar robobin, sauke mota, zagaya unguwa ka hau tudu ɗaya ko biyu, ka sake leƙawa.

Saura doka. Ja da shuɗi masu walƙiya na 'yan sanda ne da motocin asibiti da na kwana-kwana, kada ka hau titi da su. A Birtaniya dokar fitilun mota ta 1989 ta hana jan haske ya bayyana ta gaba, a Amurka kuwa kowace jiha da nata tsarin. A Najeriya, tambayi ofishin FRSC ko VIO na kusa da kai kafin ka fita da ita a kunne, a Kano ka haɗa da KAROTA. Mafi kwanciyar hankali ka kashe ta a kan hanya, ka kunna in ka faka, wajen biki ko hawan angwanci.

Bayan mako guda ka sake shiga ƙarƙashin ka matse abin da ya saki. Lokacin hunturu ƙura kan dusashe hasken, tsumma mai laima ya wadatar. A wurin wanki kuma ka nuna wa yaron inda akwatin yake, kada ya saita masa bakin injin feshi.