Guguwar da babban jirgi ke bari a bayansa

Assalamu alaikum 'yan uwa matuƙa jirgin sama, musamman ƙannenmu ɗaliban makarantar koyon tuƙin jirgi ta Zariya da ke zuwa Kaduna atisaye. Lokacin jigilar alhazai manyan jirage kan yawaita a filin jirgin Kaduna, to a kiyaye.

Kowane fiffike yana barin guguwa tana juyawa daga bakinsa, ba a ganinta. Ta fi muni in jirgin ya yi nauyi kuma yana tafiya a hankali, kamar lokacin tashi. Tana iya kifar da ƙaramin jirgi kamar Cessna, kuma kusa da ƙasa babu sararin gyarawa.

Guguwar tana gangarowa ƙasa ne. Don haka in za ka sauka bayan babba, ka tsaya sama da layin da ya bi wajen sauka, ka dira gaba da inda tayoyinsa suka taɓa titi. In tashi ne, ka ɗaga kafin inda ya ɗaga, ka karkata ɓangaren da iska ke fitowa.

Abin da ya fi damuna shi ne ranar da iska ta kwanta. 'Yar iskar gefe kan riƙe guguwar a kan titin. Ko hasumiyar kula da zirga-zirgar jirage ta ba ka izini bayan minti 2, in hankalinka bai kwanta ba, ka ce za ka ƙara jira.