Kurakuran da muke yi wajen ba kyanwa ɗanyen nama

A gidajen Katsina da yawa, abincin kyanwa shi ne abin da mahauci ya share daga kan teburinsa: kitse, jijiya, guntun huhu, wani lokaci hanta. Hujjar masu yin haka ita ce mage maciyiyar nama ce tun asali. Wannan gaskiya ne, amma idan ta kama ɓera takan ci tsokarsa da ƙashinsa da zuciyarsa gaba ɗaya, abin da ledar kwata ba ta ba ta.

Kuskuren da ya fi ba ni tausayi shi ne tsoka zalla. Tsoka ba ta da sinadarin kalsiyam da zai gina ƙashi, shi ya sa za ka ga ɗan mage yana cin nama kullum amma ƙafafunsa na lanƙwashewa, yana tsoron tsalle. Gyaran ba shi da tsada: a dafa ɓawon ƙwai, a shanya, a daka ya yi laushi kamar gari, a barbaɗa kamar rabin ƙaramin cokali a kan rabin kilo na nama. A riƙa haɗawa da zuciya da ƙundun kaza, domin zuciya na da sinadarin taurin, wanda rashinsa ke makantar da kyanwa ya kuma raunana mata zuciya. Ita kuwa hanta, kaɗan ta isa, kamar kashi 5 cikin 100 na abincin. Wanda ke ba da ita kullum saboda mage na son ta, bitamin A ne yake tara mata, har wuyanta ya sandare ta kasa lasar jikinta.

Sai batun sanyi. Mutane sun ji cewa firiza na kashe cuta, sai su jefa nama da daddare su ciro da safe. Ƙwayar toksoplasma da ke ɓuya a tsokar tumaki da awaki tana mutuwa ne idan naman ya daskare ya zama dutse na kwanaki, ba na dare ɗaya ba. Ƙwayar cutar salmonela mai sa gudawa kuwa ba ta mutuwa a ƙanƙara, kwanciya kawai take yi. To, a garin da wuta ke zuwa ta tafi, firiza ta narke da rana ta sake kamawa da dare, ina daskarewar? Ni dai ra'ayina, wanda ba shi da sola ko janareto tsayayye ya dafa naman kawai, ba gishiri, ba magi, ba albasa ko tafarnuwa, don waɗannan biyun suna fasa mata ƙwayoyin jini. A zuba mata har da romon, saboda taurin na fita cikin ruwan. Ƙashin da aka dafa dai a cire shi, yana tsagewa ya soki hanji. Kuma a zafin Afrilu, lokacin da ake kai maki 40 a ma'aunin zafi, naman da ya wuce rabin awa a kwano a zubar da shi.

Mushen kaza kada a ba ta ko kaɗan. Murar tsuntsaye ta shigo Najeriya tun 2006, kuma tana kashe kyanwar da ta ci ɗanyen naman kazar da ta kamu.

Wani kuskuren shi ne zaton cewa daga nama kaɗai tsutsa ke shiga. Idan ka ga wasu farare kamar ƙwayar shinkafa a gindin wutsiyarta, tsila ce, kuma ta hanyar haɗiye ƙuma wajen lasa ko cin ɓera take samun ta. Ka ba da maganin tsutsa ka bar ƙuma a shimfiɗarta, nan da 'yan makonni ta dawo. Macijin ciki kuma ta nonon uwa yake shiga 'ya'ya, don haka ana fara ba su magani tun suna mako 3. Babbar kyanwa duk wata 3, mai farauta a rumbu ko sito kuwa duk wata. Firazikwantel ne ke kashe tsila, firantel kuma macijin ciki, kuma likitan dabbobi ne zai auna nauyinta ya faɗi adadi.

Ina roƙon jama'a su daina ɗibar maganin shanu ko na kare suna ba mage da ƙiyasi. Maganin ƙumar kare mai sinadarin fametrin yana sa ta karkarwa da farfaɗiya har ta mutu. Farasitamol ƙwaya ɗaya ya isa ya kashe ta.

Kashinta ma akwai lura, musamman a gidan da yara ke wasa a ƙasa. Ƙwan toksoplasma da ke fita a kashinta ba ya kama mutum sai ya yi kwana 1 zuwa 5 a waje, don haka a kwashe kullum, a canza yashin da take kashi a ciki, a wanke hannu da sabulu. Mai juna biyu ta bar wa wani wannan aikin, domin cutar na iya taɓa abin da ke cikinta. Ba sai an kori kyanwar daga gida ba. A dai ware mata wuƙarta da katakon yanka da kwanonta, kada su haɗu da na girkin gida, musamman ranakun layya da nama ke ko'ina a tsakar gida.