Yadda ake kallon ginin tsohon cocin Methodist

Wani abokina da muka yi Kadpoly tare ne ya ja ni ɗaurin auren ƙanwarsa a wani tsohon cocin Methodist a nan Kaduna, mutane na ta kallon amarya ni kuwa idona na kan silin, abinka da magini. Tun ranar nake son in rubuta yadda ake kallon irin ginin nan.

Kafin komai ka nemi izini. Ka gaida mai gadi, ka ce a haɗa ka da Rabaran ko wani dattijon coci, kar ka fito da waya kana ɗaukar hoto daga bakin get, kowa dai ya san halin garin nan.

In ka shiga, tsaya a bakin ƙofa ka lura da inda idonka ya fara faɗawa. A cocin Katolika bagade, wato teburin ibada da ke can gaba, shi ne zai ja ka, amma a tsohon ginin Methodist galibi mimbari ne, a tsakiya, a sama, har sai an hau matakala. Dalili kuwa John Wesley, wanda ya kafa tafiyar a Ingila, gidan wa'azi yake kiran gininsu, so yake kowa ya ga mai wa'azi ya kuma ji shi, ga shi lokacin babu lasifika, murya ce kawai. Na farkon da ya gina a Biristol a 1739, wanda ake ce wa New Room, mimbarinsa hawa biyu ne, haske kuma daga wata taga mai kusurwa takwas yake saukowa ta rufi, ƙasan kusan babu taga saboda 'yan tarzoma da ke jifansu.

To ga gwajin da na fi so. Je ka benci na ƙarshe ka zauna, sa abokinka ya tsaya kusa da mimbari ya yi magana a hankali kamar yana hira. In ka ji shi tar, magina sun san aikinsu. Na gwada bayan an watse, wallahi har tarin da ya yi sai da na ji.

Daga nan sai ka ɗaga kai. In akwai bene da ya zagaye gefe uku kamar kofaton doki, dabara ce ta cusa jama'a da yawa kusa da mai magana ba tare da an tsawaita ginin ba. Shi ya sa ma Wesley ya ƙaunaci gini mai kusurwa takwas, irin na ƙauyen Heptonstall a Ingila na 1764. Duba ginshiƙan da ke ɗauke da benen, sirara ake yinsu don kar su tare ma wani gani. Na cocinsa na City Road a Landan, wanda aka buɗe a 1778, asalinsu itacen jirgin ruwa ne da Sarki George na 3 ya bayar, sai daga baya aka canza su da dutse.

Ado kam kar ka sa rai, ba gumaka ba zane-zane, farin bango da katako ne. Amma nemi inda mawaƙa ke zama da allon lambobin waƙa, mutanen nan da waƙa aka san su, Charles ƙanen John Wesley kaɗai ya rubuta sama da 6,000.

A namu na Najeriya, inda tafiyar ta shigo ta Badagiri a 1842 ta hannun Thomas Birch Freeman, sai ka ƙara duba yadda aka yi da zafi: manyan tagogi suna kallon juna, rufi mai tsawo, kwano ya zarce bango don ruwan damina. Ƙwanƙwasa bangon ka ji kaurinsa. In an shafe shi da tayil an sa silin na roba, haushi nake ji gaskiya, amma zagaya ta waje wajen ƙofar gaba, a ƙasa-ƙasa, sau da yawa dutsen harsashi na nan da shekarar a jiki, sai dai ka goge ƙura da hannu.