Yadda za ka tsara tambayar da za ta samu amsa a asibitin ƙauye

Abokan aiki na ƙananan asibitoci, musamman mu na wajen Ringim da Taura da Garki, sau da yawa ba rashin data ko sabis ne ke hana mu samun amsa a intanet ba, tambayar ce tun farko ba kai ba gindi. Mutum ya rubuta "maganin maleriya" a waya, shafuka su zubo masa rututu, ya gaji ya rufe.

To da farko ka gane tambaya iri biyu ce. Akwai ta karatu, kamar me ke jawo jijjiga ga yaro mai zazzaɓi, wannan littafinka na makarantar kiwon lafiya ya wadatar. Akwai kuma ta bakin gado, yaro na kwance uwarsa na kallonka, dole ka zaɓi ɗaya cikin magunguna biyu. Wannan ta biyun ake ginawa da PICO, tsarin shirya tambaya da likita Richardson da abokansa suka fito da shi a 1995, kuma abu huɗu kawai yake nema.

Wane ne mara lafiyar? Kar ka ce "yaro" ka tsaya, ka ce yaro mai maleriya mai tsanani, wanda ya suma ko ba ya iya shan komai. Me kake son ba shi? Allurar artesunate. Da me za ka gwada ta? Da kwinin da aka saba.

Na huɗun nan ne mutanenmu suka fi zamewa, wato me kake so ka gani a ƙarshe. Wani zai ce zafin jiki ya sauka, haba malam, ai farasitamol ma yana saukar da zafi, uwar nan ba ma'aunin zafi ya dame ta ba, so take ta goya ɗanta ta koma gida da shi a raye. Don haka ka rubuta mutuwa ko tsira.

Sai ka haɗa: ga yara masu maleriya mai tsanani, shin artesunate ta fi kwinin rage mutuwa? Wannan tana da amsa. Binciken AQUAMAT na 2010 ya ɗauki yara 5,425 a ƙasashen Afirka tara har da Najeriya, cikin waɗanda aka yi wa artesunate kashi 8.5 cikin ɗari suka rasu, na kwinin kuma 10.9, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta sa artesunate a gaba.

Wajen nema kar ka kwafe jimlar gaba ɗaya, ka ciro sunan cutar da magungunan biyu da Turanci ka zuba a PubMed, rumbun binciken lafiya na intanet, kyauta ne, ko ka leƙa Cochrane inda suke tattara bincike da yawa wuri guda. In tambayar ta magani ce ka nemi gwajin da aka raba marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a, in kuma ta gwajin jini ce kamar RDT, gwajin maleriya na nan take, ka nemi wanda aka gwada sakamakonsa da na madubin lab (microscope).