Idan ƙarfin injin motarka bai kai abin da kamfani ya tallata ba

Mai mota yakan fara jin matsalar a ƙafarsa kafin ya gan ta a takarda. Ya taka totur ya ji motar ba ta ja kamar yadda aka yi masa alkawari. To amma kotu ba ta aiki da abin da ƙafa ta ji. Abu biyu take nema: takardar da ke nuna adadin da aka yi alkawari, da awo ingantacce da ke nuna adadin da injin ke bayarwa. Irin wannan ƙara tana iya rushewa a wajen awon, don haka nan za mu fi daɗewa.

Abin ya sha faruwa, kuma kamfanoni sun biya. A 1999 Ford ta tallata Mustang SVT Cobra da ƙarfin doki 320, masu motar suka auna suka ga bai kai ba, kamfanin ya dakatar da sayarwa ya kira motocin aka sauya hanyar shigar iska da sassan salansa, aka kuma sake saita kwamfutar injin. Mazda ta tallata Miata ta 2001 da doki 155 alhali 142 take bayarwa. A 2003 ta sake rage adadin RX-8 daga 247 zuwa 238, ta ba masu motar zaɓi: ko ta karɓi motar ta mayar da kuɗi, ko su riƙe ta a ba su sabis kyauta da katin dala 500. A 2002 Hyundai ta amsa cewa ta ƙara adadi a kan motoci kimanin miliyan 1.3, lamarin da ya kai ga ƙarar haɗin gwiwa, wato ƙara ɗaya a madadin duk masu irin motocin, a Amurka.

Fara da tabbatar da wane adadi aka faɗa maka

Dokin da ake auna inji da shi iri biyu ne. Na Amurka da Birtaniya, wanda ake rubutawa hp, wat 745.7 ne. Na Jamus da Japan da yawancin Turai, PS, wat 735.5 ne. Motar da aka ce tana da PS 200, kilowat 147 ke nan, ko hp 197. Wanda ya ga 200 a wata takarda ya ga 197 a wata bai kama kowa da ƙarya ba. Mayar da komai kilowat kafin ka yi kwatance.

Sai kuma ƙa'idar da aka bi wajen awon. A Amurka ana bin ƙa'idar ƙungiyar injiniyoyin mota mai lamba SAE J1349, wadda ke auna injin ɗauke da kayan aikinsa, irin su matatar iska da salansa da janaretan caji. Kafin 1972 ana auna injin tsirara ne, shi ya sa adadin tsofaffin motoci ke da kumburi. A Turai da ƙasashe da dama ana bin Ƙa'ida ta 85 ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Wannan ƙa'ida ta ba da rangwame: injin da aka zaro daga layin ƙira zai iya bambanta da adadin da aka amince da shi da kashi 5 cikin ɗari. Idan an ce kilowat 150, ka auna ka samu 144, da wuya ka yi nasara. Idan ka samu 135, wato giɓin kashi 10, kana da magana.

A kula da ƙirar kasuwa. Mota mai suna ɗaya takan fito da ƙarfi dabam a ƙasashe dabam saboda dokar hayaƙi da ingancin mai. Adadin da ya shafe ka shi ne na ƙirar da lambar VIN ta motarka, wato lambar shasi, ta nuna, ba wanda ka gani a tallar wata ƙasa ba. A motoci masu haɗa inji da lantarki ba a tara ƙarfin biyun a ce shi ne jimilla, domin ba lokaci ɗaya suke kai ƙololuwa ba.

Tattara takardar yarjejeniyar saye, rasit, ƙasidar talla ta shekarar da ka saya, littafin mota, takardar shaidar ƙira idan akwai, da duk wani saƙo da dillali ya ambaci ƙarfin injin a ciki. Ɗauki hoton shafin kamfanin na intanet tare da kwanan wata tun yau, domin kamfani kan gyara adadi shiru da zarar ƙorafi ya fara yawa.

Awon

Na'urar da ake amfani da ita sunanta dainamomita, makanikai kan ce daino. Kamfani a kan injin kansa yake aunawa, a wajen fulawil, wato faifan ƙarfen da ke juyawa a ƙarshen injin, kafin ƙarfin ya bi ta giya. Dainon da za ka samu a gareji kuwa a taya yake aunawa, motar na gudu a kan nadi. Tsakanin inji da taya ƙarfi na zubewa a kuloci da giya da aksul da tayoyin kansu, galibi kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari, kuma ya fi yawa a mota mai jan taya huɗu. Saboda haka motar doki 200 da ta nuna 170 a taya lafiyarta lau. Wannan rashin fahimta kaɗai na iya sa mutum ya kashe kuɗin lauya a banza.

Kada ka yarda mai daino ya ƙara kashi 15 da ka ya ce ga ƙarfin inji. Lauyan kamfani zai rushe wannan lissafi cikin minti biyu. Nemi na'urar da ke auna asarar da kanta: bayan an kai ƙarshen juyi sai a taka kuloci a bar tayoyin su rage gudu da kansu, na'urar ta lissafa abin da ke zubewa a hanya ta mayar da shi kan adadin. A mota mai giya otomatik wannan ya fi wuya, sai a nemi wanda ya saba da ita.

Kafin a hau na'urar, motar ta kasance ta wuce zangon sabunta, wato ta yi 'yan dubban kilomita kamar yadda littafinta ya ce, domin sabon inji a ɗaure yake. A sa man da kamfani ya ambata. Idan adadin an same shi ne da fetur mai oktan (ma'aunin juriyar fetur ga ƙwanƙwasa) 98 kai kuma ka zuba 91, kwamfutar za ta ja lokacin kunna wuta baya don kada injin ya yi ƙwanƙwasa, ƙarfi ya ragu, laifin kuma ya dawo kanka. A duba matatar iska da fulogi, a tabbatar babu lambar matsala a kwamfuta, iskar taya ta zama daidai, a kashe na'urar sanyaya ɗaki. A sa babbar fanka a gaban motar. In babu isasshiyar iska, injin mai turbo, wato na'urar da ke tura ƙarin iska cikin inji, kan yi zafi ya rage ƙarfi da kansa tun a gwaji na biyu.

A yi gwajin a giyar da juyin inji da na fita suka fi kusa da daidaito, galibi ta huɗu a giyar hannu mai biyar. A maimaita aƙalla sau uku, a bar injin ya huce a tsakani. Sakamakon uku su yi kusa da juna. In sun yi nisa, akwai matsala a awon, wataƙila taya na zamewa a kan nadi.

Yanayi ma yana cin ƙarfi. Injin da ba shi da turbo kan rasa kusan kashi 3 cikin ɗari a duk hawan mita 300 sama da teku, zafi kuma na rage nauyin iskar da yake shaƙa. Shi ya sa ake gyara sakamako zuwa yanayin da ƙa'ida ta tsayar. A SAE J1349 zafin digiri 25 ne da matsin busasshiyar iska kilofaskal 99. Rahoton dole ya nuna zafi da matsin iska da laima na ranar, ƙa'idar da aka yi gyaran da ita, lambar VIN, kilomitan motar, irin man da ke ciki, da ranar da aka yi wa na'urar saiti na ƙarshe. Akwai gwaji mai sauƙi da za ka yi wa rahoton da kanka: ninka ƙarfin murɗawa (toki), wanda ake rubutawa da ma'aunin Nm, da juyin inji a minti da aka same shi a kai, ka raba da 9549, zai ba ka kilowat na wannan juyin. In bai yi daidai da abin da aka rubuta ba, mayar musu da takardarsu.

A ganinmu awo ɗaya bai isa ba. Je wani garejin mai wata na'urar ka sake. Kuma tun daga ranar da ka fara zargi kada ka taɓa injin. Sauya salansa ko sake saita kwamfuta, ko da ka mayar da ita yadda take, yakan bar alama, kuma shi ne abu na farko da za a nema.

Motarka ce kaɗai, ko duk ƙirar?

Nemi wasu masu irin motarka ku auna a na'ura ɗaya. Idan nasu sun kai adadi naka bai kai ba, lahani ne a motarka, wataƙila bututun turbo na yoyo ko matatar hayaƙi ta toshe, kuma garanti ne zai ɗauki gyaran. Idan duk kun gaza da kusan giɓi ɗaya, to adadin da aka tallata ne ba daidai ba. Gyara ba zai magance wannan ba sai kamfani ya sauya ƙira, kuma nan ne maganar rage farashi ko mayar da mota ke da ƙarfi.

Wa za ka kama

Wanda ka ƙulla ciniki da shi shi ne na farko, wato dillali, ko kamfanin ba da rance idan da sunansa aka sayi motar kake biya a hankali. Dokokin ƙasashe da yawa sun ɗora wa mai sayarwa alhakin kaya su dace da siffar da aka bayyana. A Birtaniya dokar haƙƙin masu saye ta 2015 ta ba da kwana 30 na mayar da kaya a karɓi kuɗi. Bayan nan mai sayarwa na da damar gyara sau ɗaya, in ya gaza sai a rage farashi ko a mayar da motar, a cire kuɗin amfanin da aka yi da ita. A Tarayyar Turai, umarni mai lamba 2019/771 ya ba da aƙalla shekara biyu, ya kuma sa abin da kamfanin ƙira ya faɗa a talla cikin abubuwan da ake auna dacewar kaya da su. A Amurka adadin da aka faɗa wanda ciniki ya ginu a kansa yana zama garanti bayyananne, wa'adin kai ƙara galibi shekara huɗu ne daga ranar karɓar mota, kuma dole a sanar da mai sayarwa cikin lokaci mai ma'ana bayan gano matsalar. Dokar Magnuson-Moss ta 1975 na ba wanda ya yi nasara damar neman kuɗin lauyansa.

Kamfanin ƙira kuwa ana kama shi ta garantinsa ko ta dokar hana tallar yaudara. A nan za a tambaye ka ko adadin ya yi tasiri wajen sayen. Wanda ya biya ƙari don ƙirar da ta fi ƙarfi a kan ƙaramar, ko yake jan tirela da motar, hujjarsa a fili take. Wanda ya sayi mota ta hannu daga wani mutum matsayinsa ya fi rauni, sai dai in mai sayarwar da kansa ya rubuta adadin a tallarsa.

Rubuta wasiƙa ga dillali, ka aika kwafi ga kamfani, ta hanyar da za ta bar shaidar isarwa. Ta ƙunshi lambar VIN, ranar saye, adadin da aka tallata da inda aka rubuta shi, adadin da aka auna, giɓin cikin kashi, abin da kake nema, da wa'adin amsa, misali kwana 14. Haɗa rahotannin awon. Gayyace su su turo injiniyansu a sake awo a gaban kowa, domin ƙin zuwansu ma hujja ce gare ka. In suna son karɓar motar su duba, a rubuta kilomita da sigar manhajar kwamfutar injin kafin ka miƙa makulli.

Idan ba su amsa ba, kai ƙorafi hukumar kare masu saye ta ƙasarka da hukumar sa ido kan tallace-tallace. Waɗannan ba lallai su karɓo maka kuɗi ba, amma hukuncinsu kan sa kamfani ya zauna a teburin sulhu. Duba yarjejeniyar sayenka ko akwai sharaɗin da ya ce sai mai sasanci ne zai raba rigima, domin a wasu ƙasashe wannan kan toshe hanyar kotu. Ƙaramar kotun bashi ta dace da neman rage farashi, tunda ba ta buƙatar kuɗi mai yawa. Neman mayar da mota gaba ɗaya kuwa sai da lauya da rahoton ƙwararre mai zaman kansa.

Kada ka zaci giɓin kashi 10 na nufin kashi 10 na kuɗin motar. Kotu bambancin daraja take dubawa, wato nawa motar za ta yi a kasuwa da an faɗi ainihin ƙarfinta. Hanya mafi sauƙi ta nuna wannan ita ce bambancin farashi tsakanin ƙirarka da wadda ke ƙasa da ita a jerin kamfanin. Inda ake biyan haraji ko inshora bisa ƙarfin inji, haɗa da rarar da ka biya.

Ƙarar haɗin gwiwa ba ta cin kuɗin aljihunka, amma rabon kowa yakan zama kaɗan, kuma a Amurka wanda bai fice cikin wa'adin da sanarwa ta bayar ba ya rasa damar kai tasa ƙarar. Haka ma tayin kamfani na kati ko sabis kyauta: yakan zo da takardar yafe duk wani haƙƙi, sai ka ba lauya ya karanta kafin ka sa hannu. In kana biyan rancen motar, ci gaba da biya har a kammala shari'ar, domin tsayar da biya zai ba mai rance damar ƙwace motar da ita ce babbar shaidarka.