Majalisar birni ta rushe an kira zaɓe kafin lokaci, me za ka yi?

Abu na farko ka gano me ya rusa ta, don wallahi nan ne mutane ke yin sakaci. Wani lokacin magajin gari ne ya yi murabus, wani lokacin jam'iyyun da suka yi ƙawance ne suka ɓata aka kasa amincewa da bajet, wani lokacin kuma kansiloli ne suka ajiye aiki gaba ɗaya don su kayar da shi. A Rum babban birnin Italiya haka aka yi a Oktoban 2015, kansiloli 26 suka ajiye muƙaminsu rana ɗaya, magajin gari Ignazio Marino ya faɗi, aka naɗa kantoma ya riƙe garin sai a Yunin 2016 aka yi zaɓe Virginia Raggi ta ci. Akwai kuma wanda gwamnatin sama ce ke rusawa, kamar birnin Reggio Calabria na kudancin Italiya a 2012 saboda alaƙa da 'yan mafiya, su sai 2014 suka sake ganin akwatin zaɓe.

Me ya sa na dage a kan wannan? Saboda yawanci waɗanda suka rusa majalisar su ne za su dawo da sabbin fastoci suna neman ƙuri'arka. To ka nemi sunayensu, wa ya yi murabus, wa ya ƙi zuwa zama, wa ya sauya sheƙa, a kan me aka yi rigimar, kwangila ce ko rabon kujeru ko kuwa da gaske wani ya ƙi yarda a ci amanar jama'a ne. Ba duk wanda ya fice ne mai laifi ba fa, wani ficewarsa ita ce daidai, amma sai ka bincika za ka bambance.

Sai ka duba wa'adi. Wannan mutane da yawa ba sa tambaya, alhali dokar ba ɗaya ba ce ko'ina. A Italiya wanda ya ci sabon wa'adi ne na shekara 5 cif. A Fotugal kuwa ragowar wa'adin zai ƙarasa, shi ya sa António Costa da ya ci kujerar magajin garin Lisbon, babban birnin ƙasar, a Yulin 2007 sai da ya sake tsayawa a 2009. Idan ɗan takara shekara biyu kacal gare shi amma yana maka alƙawarin aikin shekara goma, ka san inda za ka ajiye maganarsa.

Rajista kuma kar ka ce ai na yi zaɓe wancan karon. Je ka duba sunanka da rumfarka tun yanzu, lokacin gajere ne kuma ana rufewa da wuri.

Kantoma ko kwamitin riƙo shi ma a sa masa ido, ba kai ka zaɓe shi ba, aikinsa albashi da shara da ruwa su ci gaba, in ka ga ya shiga manyan kwangiloli ka tambayi hurumin da doka ta ba shi.

Batun ƙaurace wa zaɓe shi ne ya fi damuna. A arewacin ƙasar Kosovo da ke Turai, inda Sabiyawa ('yan ƙabilar Serb) suka fi yawa, magadan gari Sabiyawa sun yi murabus a Nuwamban 2022, aka yi zaɓe a Afrilun 2023 a ƙananan hukumomi huɗu, Sabiyawa suka ƙi fita, waɗanda suka yi zaɓe ba su kai kashi 4 cikin 100 ba, duk da haka 'yan takara Albaniyawa suka hau kujerun, a watan Mayu rikici ya ɓarke har da sojojin ƙungiyar tsaro ta NATO cikin waɗanda suka ji rauni. Don haka in wani ya ce maka a zauna a gida, tambaye shi ko dokar wurin ta ce sai adadi kaza sun fito kafin zaɓe ya inganta. In babu wannan sharaɗin, ko mutum ɗari ne suka fito za a rantsar da wanda suka zaɓa.