Babi na Shida: Burtuntuna da Zaɓen Irin Dawa

Darasi na 1: Gane cutar

Ku karanta wannan kalma da ƙarfi, gaɓa-gaɓa: bur-tun-tu-na. Ku sake. Yanzu kowa ya rubuta ta sau uku a littafinsa. Wanda hannunsa ke rawa kada ya damu, sabo ne bai zo ba tukuna.

Duk wanda ya taɓa noman dawa ya san ta da ido. Zangarniya ta fito, amma maimakon ƙwayar hatsi sai ka tarar da 'yan jakunkuna masu launin toka. Ka murje ɗaya da yatsa, baƙin gari ya ɓata maka hannu. To iyayena da yayyena, wannan baƙin garin shi ne irin cutar. Ba sammu ba ne, ba kambun baka ba ne. Abu ne mai rai, dangin funfunar nan da ke fita a kan tuwon da ya kwana biyu.

Ga yadda take shiga gona. A wurin sussuka jakunkunan suna fashewa, garin ya manne a jikin lafiyayyen hatsi, ido ba ya ganinsa. Da damina ka shuka hatsin nan. Yana tsirowa ita ma tana tsirowa, ta shige cikin ɗan tsiron, kara na tsawo tana bin sa ta ciki. Za ka ga dawa kore shar, ka yi noma, ka yi maimai, ka zuba taki, ba ka san da ita ba sai ranar da kai ya fito. A lokacin kuwa feshi ba ya amfanin komai, aikin gama ya gama.

Darasi na 2: Ware iri

Nan ne ake faɗuwa, don haka za mu daɗe a nan.

Kafin ranar girbi, a shiga gona da wuƙa da buhu biyu. Biyu na ce, ba ɗaya ba. A buhu na farko a zuba zangarniyoyin iri: manya, cikakku, waɗanda suka nuna sosai, babu jaka ko ɗaya a jikinsu. A juya kowace zangarniya a duba bayanta da gindinta, domin wani lokaci gefe ɗaya kawai cutar ke kamawa. In an gama da wannan a ɗaure bakin buhun a fitar da shi daga gona. Sannan a dawo da buhu na biyu a yanke masu burtuntuna a hankali, kada a girgiza su, a kai su nesa a ƙone ko a binne da zurfi. Masu lafiya da fari, masu cuta daga baya, saboda hannu da wuƙar da suka taɓa baƙin gari kada su koma kan iri.

Yanzu ku ja layi a ƙarƙashin wannan jimla: BA A SUSSUKA IRI TARE DA SAURAN DAWA.

Ku karanta ta tare. Ku rufe littafi ku faɗe ta da ka.

Na sha ganin mutum ya yi duk wahalar zaɓe, ya ɗaure damin irinsa daban, ranar sussuka ta zo a ce tunda ga mata sun taru, a haɗa a huta. Shi ke nan, ya wanke hannu ya taɓa ƙasa. Turmin da aka sussuka mai cuta a ciki ya riga ya ɗauki garin, haka taɓarya, haka tabarma, haka ƙwaryar shiƙa. Saboda haka iri shi ne na farko a turmi, a wankakken turmi da ya bushe, kafin a taɓa sauran dawa. Inna, ke da ke riƙe da taɓarya, wannan magana taki ce fiye da ta maigida. In ya kawo miki dami ya ce a haɗa, ki tambaye shi wanne ne na iri.

Tambaya: me ake fara sussukawa? Iri. Da me ake haɗa shi? Ba a haɗa shi da komai. Madalla, kun yi ƙoƙari.

Amma haba jama'a! Har yanzu akwai mai cewa ai zangarniya ɗaya ce kawai ta shiga cikin damin, me za ta yi? Jaka guda tana ɗauke da ƙwayoyin cuta da ba ka iya ƙirgawa, zangarniya ɗaya kuma jakunkuna nawa gare ta? Wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba. Kada wani ya zo mini da kaka yana cewa ƙasar ce ta gaji. Ba a sussuka iri tare da sauran dawa.

Darasi na 3: Maganin gauraya iri

Ana sayar da shi a 'yan ƙunshi, misali Apron Star mai giram 10. A bayan takardar an rubuta kilo nawa na iri ƙunshi ɗaya ke ɗauka. Ku nemi lambar da ke kusa da haruffan kg, ma'anarsu kilo. A ce an rubuta 4 kg, kai kuma irinka kilo 8 ne, ƙunshi nawa za ka saya? Biyu. A auna iri da sikeli, mudu ba kilo ba ne. A gauraya har kowace ƙwaya ta canza launi.

Guba ne. Ba a ci, ba a ba kaji ragowar, ba a gaurayawa a ƙwaryar abinci. A wanke hannu da sabulu. Kuma magani ba ya ɗauke maka aikin darasi na 2, iri dai daban ake sussuka shi.

Darasi na 4: Gado a jikin shuka

Akwai wata burtuntuna mai dogayen jakunkuna farare-farare, 'yan kaɗan a kan zangarniya. Ita iska ke kawo ta lokacin da dawa ke bununi, don haka maganin gauraya iri ba ya tare ta. A nan sai irin da ya gaji juriya daga iyayensa. Masu bincike suna ɗaukar bununin dawa mai juriya su sa wa mai yawan amfani, su rufe kan da jakar takarda don kada wani bununi ya shiga, su yi ta shuka 'ya'yan suna zaɓe shekara da shekaru. Ana wannan aiki a cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, Zariya, wadda ta faro tun 1922, da kuma ICRISAT, cibiyar ƙasa da ƙasa ta binciken amfanin gona na yankuna masu ƙarancin ruwa, mai ofis a Kano da tasha a Sadore kusa da Yamai.

Ku koyi karanta sunayen irin Samaru a jikin buhu. SAMSORG dawa ce, SAMMAZ masara, SAMNUT gyaɗa, SAMPEA wake. Bayan sunan akwai lamba, kowace lamba iri ne daban. A tambayi malamin gona lambar da ta dace da ruwan yankinku.

Darasi na 5: Ajiya

A busar da iri sosai. A ajiye shi inda babu laima. A rubuta IRI a jikin buhun da manyan baƙaƙe.

Aikin gida: kowa ya zo da zangarniya ɗaya mai lafiya ranar aji na gaba. Mai burtuntuna a bar ta a can, kada a kawo mini ita aji.